Jan Tsumma a Wuyan Kwalba

Daga Allah muka zo, kuma gare shi za mu koma. Malam ya riga ni tafiya, mijina, uban 'ya'yana biyar, bakanike a Birnin Ƙonni tun ina amarya har na zama kaka. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Autata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, kuma na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, ko inda kuka ya ci ƙarfina kada ta gyara. Ina cikin takaba, ba ni fita ko'ina, lokaci ya yi mini yawa, kuma ina tsoron in mutu da abin da na sani game da shi.

Kwana uku na zaman makoki gidanmu bai ɗauki mutane ba. Daga ɗakina ina jin muryoyin maza ta bayan katanga. Direbobin tasha sun zo, 'yan kabu-kabu sun jera baburansu har bakin masallaci, waɗanda ya koya wa aiki sun zo daga Illela da Malbaza, wasu da furfura a gemu. Wani tsohon direba ya yi ta kuka kamar mace, yana ba da labarin ranar wata babbar Salla da motarsa ta mutu a Tsarnawa da mai naƙuda a ciki. Ya ce Malam ya baro filin idi da sabuwar rigarsa, ya kwanta a ƙasa da ita, bai ko tuɓe ba. Wannan rigar ni na wanke ta, baƙin mai bai taɓa fita ba, kuma sai a ranar makoki na san dalilin da ya ɓata ta, don shi ce mini ya yi faɗuwa ya yi.

Abu biyu kowa ke maimaitawa. Na farko, kalmarsa. In mai mota ya zo da gaggawa yana son ya ɗauki motarsa, Malam zai goge hannu a tsumma ya ce, "Tukuna." Ba ya ƙara komai. Ko jandarma ne, ko alhajin da ke da motoci goma, tukuna ce. Har direbobi suka laƙaba masa ita, in ya shigo tasha a ce ga Tukuna nan tafe. Na biyu, hancinsa. Suna cewa a rufe masa ido a miƙa masa kwalba, zai shinshina ya ce wannan man burki ne, wannan na giya, wannan an haɗa shi da kananzir a kasuwar iyaka. Ƙanensa, baffan yara, ya ɗaga murya ya ce, "Yaya bai taɓa kuskuren mai ba tun da ya kama sifana. Hancinai ya fi idon likita." Maza suka ce gaskiya ne, Allah ya jiƙansa.

Mata na riƙe da hannuna suna cewa in yi haƙuri, suna ganin halin da nake ciki suna zaton baƙin ciki ne kaɗai. Akwai baƙin ciki. Amma tsoro ya fi yawa, don duk lokacin da aka yabi hancin nan, ni idona na kan farar motar da ke tsakar gida.

Bari in faɗi yadda ta shigo mana. Motar maigidansa ce, wanda ya koya masa aiki tun yana saurayi, tsohuwar ƙirar Faransa mai dogon baya. A cikinta aka kai ni asibiti haihuwar fari. Bayan rasuwar maigidan ta yi ta sauya hannu har ta ɓace. Da Malam ya bar garaji saboda tsufa, sai wata rana ya gan ta a bayan wani gida a Tsarnawa, babu taya, kaji na ƙwai a kujerar baya. Da amalanken shanu aka jawo ta. Ya faɗaɗa ƙofar gida, ya sa aka ajiye ta daidai inda nake shuka rama da kuɓewa.

Mun yi faɗa a kanta, faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na ce, "Malam, akurkin kaji ka kawo mani ka tuge mani miya?" Ya ce, "Wagga ce ta kai ki asibiti, ke ko kunyarta ba ki ji." Na ce motar da ta kai ni asibiti tana da ƙafafu. Kwana biyu ina ajiye masa tuwo ba magana. A rana ta uku na fito na tarar ya haƙa mini sabon fage a bayan rumbu, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya dasa ramar da ya tuge ɗaya bayan ɗaya, bayansa ya riƙe har ba ya iya miƙewa. Bai ce yi haƙuri ba, ba ya cewa. Ni ma ban ce na yafe ba. Na dafa masa ruwan zafi na gasa masa bayan.

Shekara huɗu yana ɗinke ta. Ya sa mata suna Balbela saboda farin fentin da ya yi mata. In ya idar da sallar asuba zai zagaya ta yana taɓa ta, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Kafin kowace alwala sai ya cuɗe hannunsa da toka da yashi. Burinsa ɗaya ne, ya tuƙa ta zuwa Bazaga, garin da aka haife shi, 'yan'uwansa su gan ta tana tafiya da ƙafarta.

Ni ce mataimakiyarsa, don yara duk sun watse. Aikin da na fi sani shi ne cire iska. Kuloci, wanda shi yake kira ambiriyaj, shi ne abin da direba ke takawa da ƙafar hagu don inji ya saki taya a samu a sa giya. A wannan motar mai ne ke tura shi, daga famfon sama kusa da feda, ta cikin tiyo, zuwa famfon ƙasa. In iska ta shiga tiyon, sai mutum biyu: ɗaya a kujera yana taka feda, ɗaya a ƙarƙashi yana buɗe ɗan noti iskar ta fita. Sai in hau in zauna, in ji muryarsa daga ƙasa: "Taka. Taka. Riƙe!" In riƙe, in ji fedar ta nutse a ƙarƙashin ƙafata. "Saki." Haka muke yi da burki ma, taya huɗu. Maƙwabciyata takan leƙo ta katanga ta ce, "Direba, yaushe za ki kai mu Makka?" In ce ta tanadi guzuri. Ƙafata ta koyi abin da kaina bai sani ba. Ina gane feda mai lafiya da mai ciwo kamar yadda nake gane tuwon da ya nuna.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ranar arba'in. Shekara biyu kafin rasuwarsa Malam ya yi wani zazzaɓi mai zafi, ya warke, amma hancinsa bai dawo ba. Na gane ranar da miya ta ƙone ƙurmus yana zaune kusa da murhu bai motsa ba. Na tambaye shi, ya ce, "Ko fetur ba ni ji. Kada ki hwaɗa ma kowa." Idonsa ma ya yi hazo. In tsofaffin yaransa sun kawo masa kwalba don ya shinshina, sai ya kai hanci, ya murza man a yatsa, ya ce su dawo gobe. Yana jin kunyar a ce Tukuna ya ƙare. Don haka ya ɗaura jan tsumma a wuyan kwalbar man burki, wanda shi ake zuba wa kuloci da burki duka, a gwangwani ɗaya mai tiyo biyu. In ya ce miƙo mai, mai jan tsumma nake miƙawa.

Ina da keken ɗinki, ina ɗinka wa jikoki 'yan riguna. Man keken shi ya sayo mini a kasuwa, a irin kwalbar, launi kusan ɗaya, kuma duk a taga ɗaya muke ajiyewa. Wata safiya na tarar akuya ta hau ta ture kwalaben, tana tauna jan tsumman. Na ƙwace, na kore ta, na ɗaga kwalabe biyu ina dubawa. Akwai rubutu a jikinsu, amma ni rubutu zane ne kawai a wurina. Na zaɓi wadda na ga kamar ita ce, na ɗaura. Na yi niyyar in faɗa masa in ya dawo daga masallaci, sai baƙi suka zo, na manta. Wallahi mantawa na yi.

A makon nan ya zuba wa motar sabon mai gaba ɗaya. Ni na miƙa masa kwalbar. Ni na taka feda har man ya ratsa kuloci da taya huɗu.

Da farko komai lafiya. Sai bayan kwanaki ya tayar da inji, ya taka kuloci har ƙasa, ya nemi giya, ta ƙi shiga, sai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya kashe, ya sa giya ta ɗaya inji a kashe, ya danne kuloci, ya murza makulli, yana zaton zai ji inda matsalar take. Ni ina daka a gaban motar, na ɗan matsa in ɗauko faifai. Motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta. Ta ɗauki turmina ta haɗa shi da katanga, ya tsage biyu, gero ya watsu har cikin randa. Taki biyu ne tsakanina da inda nake tsaye. Malam ya fito yana salati, ya kama kafaɗuna yana laluba ni, yana cewa, "Ina ya same ki? Ina ya same ki?" Ba abin da ya same ni, amma a ƙasa na zauna. Tun ranar ba ya barin kowa ya gitta gaban Balbela, ko kaza.

Daga nan ya shiga neman ciwon. Ya ce iska ce, muka cire iska kwana uku a jere, fedar ta ɗan yi tauri sannan ta koma laushi, wani lokaci ta nutse ta ƙi dawowa sai na sa yatsan ƙafa na ɗago ta. Ya ce ko farantin kuloci ne ya manne saboda daɗewa, ya ɗaga tayoyin baya a kan itace ya gwada, ba shi ba ne. Ya yanki karan dawa ya auna tafiyar sandar famfon ƙasa in na taka. Ya ce ya kamata ta yi tafiyar gaɓar yatsa, ita kuwa ko tsawon ƙwayar wake ba ta yi. Ya canza tiyo. Ya daina cin abinci sosai. Wata rana na ji shi yana ce wa motar, "Mi na yi maki?"

A ƙarshe ya kwance famfon sama ya zaro robar da ke ciki. Ta kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa, ta yi laushi, ya yi ya yi ta koma raminta ta ƙi. Ya riƙe ta a tafin hannu ya daɗe yana murzawa. Sai ya ce in kawo masa ruwa a ƙwarya da kwalba mai jan tsumma. Ya ɗiga man a kan ruwan ya ce, "Idona bai gani. Mi kika gani?" Na ce ya taso sama, ya yi ido-ido kamar man miya. Ya ce, "Man burki na gaskiya narkewa yake a ruwa, ya ɓace. Wanga ba shi ba ne."

A nan na tuna akuyar. Na durƙusa na faɗa masa duka. Na jira ya yi faɗa, don turmin nan da ni ce da yanzu ana zaman makokina. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "To kekenki fa? Man burki kika ba shi ke nan." Na ce shi ya sa fentinsa ya ɗaye. Ya ce, "Ke kin miƙo, ni na zuba. Bakanike ne ya kamata ya gane. In wani ya tambaya, ni na yi kuskure, ki bar akuya ta huta." Bai sake tayar da maganar ba.

Ya aika aka sayo robobi da man kirki. Ya wanke gwangwanin, ya wanke famfo biyu na kuloci, ya sa sababbin robobi, muka cire iska. Na taka na ji fedar ta tsaya da ƙarfinta, giya ta shiga shiru kamar cokali a kunu. Ya yi gaba taki uku, ya yi baya taki uku, fuskarsa kamar ta ango. Na ce to sai Bazaga. Ya ce, "Tukuna. Man nan ya shiga burki. Yanzu yana kamawa a tsakar gida, amma robobin taya huɗu sun sha shi. Ran da aka taka da ƙarfi a kan hanya, ba za a samu komi ba. Jibi mu fara su." Ya sa robobin burkin a gwangwanin madara ya tura ƙarƙashin gadonmu.

Washegari ciwon ƙirji ya kama shi. Kwana shida ya yi a kwance. A rana ta biyar da hantsi ya kama hannuna ya ce, "Burki." Na ce na ji. Ya ce, "Kada a hau." Bai sake wata doguwar magana ba sai kalmar shahada.

Ɗanmu na fari direban babbar mota ne a Malbaza. Kowa ya san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. In ya gaishe ni ina amsawa ina kallon wani wuri. In ina da saƙo, ta bakin ƙannensa yake bi. Haka na ga uwata ta yi da yayana, haka na yi, kuma ba rashin so ba ne, shi ma ya sani.

Bayan addu'ar bakwai ya tayar da Balbela. Ta tashi bugu ɗaya, giya ta shiga, ya zagaya da ita bayan gida ya dawo. Ina ɗaki na ji baffan yara na cewa, "Yaya ya gama aikinai kafin ya tahi. Ran arba'in da ita za mu kai sadaka Bazaga, mu cika mashi burinai." Kowa ya ce madalla. Jikoki suka fara rigimar wanda zai zauna kusa da taga.

Na kira auta na ce ta faɗa wa yayanta burki bai gamu ba. Ya je ya buɗe gwangwanin mai ya ga mai tsabta, don Malam ya wanke shi. Ya taka burki ya ji ya kama. Ya ce a ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, shekara ashirin yana tuƙi. Baffa ya ce tsoron mata ne, tun ranar turmi take firgita.

Na sake aika ta da maganar da Malam ya ba ni, cewa shi ya yi kuskure ya zuba man da ba shi ba. Wannan ta fi muni. Na ji muryar ɗan fari har ɗaki: "Baba? Baba da ke gane mai da hanci? Ko kwana arba'in bai yi a ƙasa ba za a fara ɓata mashi suna? Kada in sake jin wagga magana." Auta ta dawo tana hawaye.

Sai na ga inda na tsaya. Ƙaryar da Malam ya bar mini don ya rufa mini asiri ba mai yarda da ita, saboda sunan da ya yi. Gaskiya kuwa tana da kai biyu. In na ce ni na ɗaura tsumma a kwalbar da ba ita ba, za a ce to shi da ya karɓa bai shinshina ba? Dole in faɗi abin da ya roƙe ni in ɓoye. Kwana talatin ina juya wannan. Na daina cin abinci. In na rufe ido a kan sallaya sai in ga turmin nan a tsage, in ga motar a kan hanyar da manyan motoci ke bi, jikokina uku a baya, ƙafar ubansu na neman burki tana samun ƙasa. Na yi tunanin in ɓoye makulli, amma direba ba ya rasa yadda zai tayar da mota. Na yi tunanin in sa auta ta faɗa, amma sirrin mijina ne, in za a tona shi, bakina ya kamata ya tona. Kullum sai in ce gobe.

Ranar arba'in da safe aka yi addu'a a ƙofar gida. Aka loda buhun gero, da waina, da goro, da dabino. Ina jin komai daga ɗaki. Na ji ƙofofin motar na rufuwa, na ji dariyar yara, na ji baffa na cewa a buɗe babbar ƙofa. Da injin ya tashi ban san lokacin da na miƙe ba. Na fito da zanen takabata, ba takalmi, na je na tsaya daidai inda turmina ya tsage, wurin da Malam ya hana kowa tsayawa, na ɗora hannu a hancin motar. Tana rawa a ƙarƙashin tafina.

Na ce, "Tukuna."

Baffa ya leƙo ta taga ya ce, "Subhanallahi, matar yaya, koma ɗaki, maza na kallo." Ban kula shi ba. Na ɗaga kai na dubi ɗana na fari cikin ido, abin da ban taɓa yi ba a gaban mutane, na ce, "Kai nake ma magana. Kashe ta ka sauko."

Ya kashe. Ya sauko ya durƙusa, kansa a ƙasa, don shi ma bai san inda zai sa idonsa ba. Na faɗa masa komai, akuya da tsumma da man keke. Na ce ubanka shekara biyu ba ya jin warin komai, ko fetur, ya ɓoye don yana jin kunyarku, ni ce hancinsa kuma ni na kuskure. Baffa ya ce, "Ba ya yiwuwa." Na ce a kawo ruwa a ƙwarya da ƙaramar sifana.

Na sa aka sauke yara. Na ce wa ɗana ya shiga ƙarƙashi wajen tayar baya, ya nemi ɗan notin cire iska, ya tara murfin kwalba. Ya cire babbar rigarsa ya shiga. Ni na hau kujerar direba, mazan unguwa na kallon tsohuwa mai takaba a bayan sitiyari. Na taka burki sau uku na riƙe na ce ya buɗe. Ya fito da ɗan man a murfi. Na ce ya ɗiga a ruwa. Ya taso sama ya yi ido-ido. Na ce ya ɗebo na gwangwanin sama ya ɗiga a gefe. Wannan ya narke ya ɓace.

Ɗana ya durƙusa gefen motar. Ya cire tayar, ya kwance famfon burkin, ya zaro robar. Ta kumbura, gefenta ya fara tsagewa, da ya matsa ta da yatsa sai ta rabu biyu a hannunsa. Ya dubi robar, ya dubi 'ya'yansa uku da ke tsaye jikin rumbu da kayan Salla, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannuwa masu baƙin mai. Baffa ya cire hularsa yana ta salati. Can ya ce, a hankali, "Shi ya sa ya daina cewa turarena ya yi yawa."

A amalanken jaki sadakar ta tafi Bazaga, ta isa bayan azahar. An ce mini a can ma an yi ta yabon hancinsa, kuma baffa bai gyara wa kowa ba. Ni ban sani ba ko Malam zai yafe mini tona shi da na yi. Wannan tsoron yana nan tare da ni, ina roƙa masa gafara ina roƙa wa kaina. Abin da na sani, shi ne mutumin da ya gwammace a ce ya yi kuskure da a ce matarsa ta yi, kuma da bakinsa ya ce kada a hau. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa iyakar wahalarsa ke nan, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Ɗana bai koma Malbaza a makon ba. Washegari da hantsi na jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado na ajiye masa a bakin ƙofa. Ya ɗauka. Kwana biyu yana wanke tiyo yana canza robobi, taya bayan taya. A rana ta uku auta ta shigo ta ce yaya na tambaya ko akwai wanda zai taka masa feda. Na ce ita ta je. Ta ce ya ce ita ba ta san riƙewa ba.

Na fita na hau kujerar. Ba na ganinsa, ƙafafunsa kawai ke leƙowa daga ƙarƙashi, a daidai inda na saba ganin na ubansa. Sai na ji ya gyara murya ya ce, "Inna, taka."

Na taka.